Kitsen Jatau da Sallamar da Ban Amsa Ba

Duk yarinyar da ta gama sakandare a Kademi yanzu sai ta nemo ni, wai in yi mata hanya a wurin aikinmu. In na tambaye ta me ta sani game da aikin, sai ta ce ai ta ga hotona a ɗaki mai sanyi, da farar riga, ina zuba jan ruwa daga wannan kwalba zuwa waccan. To ku zauna in faɗa muku sau ɗaya, don na gaji da maimaitawa a gidan biki.

Wurin namu ƙaramin ɗakin bincike ne, a wani gida da aka kama haya a gefen garin Gaya. Wata jami'a ce ta buɗe shi, Dakta Hadiza ce ke riƙe da shi, Malam Isiyaku malamin dabbobi shi ke shiga ƙauyuka, ni kuma ina cikin ɗaki. A jikin kowace dabba da ta girma, har mutum, akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba su gama zaɓar aikin da za su yi ba. Suna kwance a cikin kitse da ɓargo, sai jiki ya ji ciwo su taimaka wajen gyara. Ƙwayoyin tushe muke ce musu. Ba daga ɗan tayi muke ɗebo su ba, wannan ku cire shi daga ranku, don har gobe akwai masu yaɗa maganar a kasuwa. Daga jikin dabbar da ke da ciwon ake yanko ɗan kitse, mu raini ƙwayoyin har su yi yawa, a mayar mata da su a bakin ciwon, a ga ko zai fi saurin rufewa. A ga ko, na ce. Bincike muke yi, ba kemis muka buɗe ba.

Da wanke-wanke na fara. Kwalabe, almakashi, hantsaki, a wanke, a ɗauraye, a naɗe, a jera a tukunyar tururi. Da na fara ƙorafi sai Dakta ta zaunar da ni gaban akwatin iska. Akwati ne mai gilashi a gaba, iska mai tsabta na busawa a cikinsa, hannuwanki kawai ke shiga. Ta ba ni wani ruwa mai kama da romo, ta ce in kwashe daga kwalba zuwa kwalba da tsinken tsotso, in rufe, in sa a inkubeta. Inkubetar kamar ta ƙyanƙyasar kaji ce, sai dai ɗuminta na jikin dabba ne kuma tana shan gas. In an wayi gari romon yana nan garau, hannuna ya yi tsabta. In ya yi gurɓi, na shigar da ƙazanta. Wata da watanni romona yana gurɓacewa. Dakta ba ta faɗa. Sai dai ta ɗaga kwalbar a saitin fitila ta ce, "Sa'a, kin sake dafa mana kunu." Na fi son a zage ni a kan wannan maganar.

A haka na koya. Zobe da awarwaro suna tsayawa a waje, waya ma haka. Mayafi a rataye, a sa hula da takunkumi. A fesa sifirit a safar hannu, in kin taɓa kujera a sake fesawa, in kin sosa hanci ki canza safar gaba ɗaya. Hannu ba ya gilmawa ta saman buɗaɗɗiyar kwalba. Jan ruwan da kuke gani a hoto abincinsu ne. In sun cinye sai ya koma kalar ruwan lemo, dole a canza musu. Ba su san Juma'a ba, ba su san Sallah ba. Ranar kamun babbar ƙawata ina can ina ba kitsen akuya abinci, har yau tana yi mini gori. Sanyin ɗakin da kuke sha'awa kuwa ba don ni aka kunna shi ba. In batirin sola ya yi ƙasa, sanyin ake fara kashewa a bar wa inkubeta wuta, ni in yi ta gumi a cikin takunkumi.

Sai shekarar funfuna ta zo. Da damina ne. Ka rufe kwalba lafiya ƙalau, bayan kwana kaɗan ka ga wani farin abu kamar auduga yana yawo a ciki, ƙwayoyin duk sun mutu sun taso sama. Muka zubar, muka sake, ya dawo. Muka canza matatar akwatin, muka wanke inkubeta har fatar hannuna ta saɓe, muka zargi ruwa, muka zargi mai kawo gas. Masu awaki daga Gafasa su zo ranar da aka sa musu, mu ce su yi haƙuri babu abin da za a zuba. Wasu ba su sake dawowa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Jami'a ta fara maganar rufe wurin.

Dakta ta daina taɓa komai. Ta ɗauki kujera ta zauna a lungu tana kallonmu kawai, ni da ɗaliban da ake turo mana. Abin da ta gani kowa ya gani, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Gaisuwa ce. Maigadi ya tura ƙofa ya ce ina kwananku. Malam Isiyaku ya leƙo ya ce an tashi lafiya. Mai gas ya shigo da sallama. Mu kuma 'ya'yan mutunci sai mu juyo, mu ja takunkumi ƙasa da ɗan yatsa, don amsa wa babba ta bayan ƙyalle rashin kunya ne, mu ce lafiya lau, ya gida, ya yara, ya mai jiki. Kwalba a buɗe, ƙofa a buɗe, danshin damina na shigowa, bakinmu na aiki, sannan mu mayar da yatsan da ya taɓa takunkumi cikin akwati. Ladabinmu ne yake kashe su.

Daga ranar aka kafa doka: in kwalba tana buɗe, ba a juyowa, ba a magana, ko waye. Funfuna ya tafi. Ni dokar ta yi mini daɗi, don dama doguwar gaisuwa ba ta cikin abin da na iya.

Aikin Jatau ya zo ne ana saura kaɗan ruwa ya sauka. Jatau sa ne na huɗa, ja, mai faɗin ƙirji, na wani dattijo a Toranke da ake ce wa Baffa Ilu. Su Fulani ne da suka zauna suka kama noma, amma akwai sauran shanu a bayan gida. Karkiya ta ci wuyan Jatau tun bara, wurin ya zama gyambo mai faɗin tafin hannu. An fesa shuɗin magani, an shafa man shanu, an yi allura, ya ƙi rufewa. Sa mai gyambo a wuya ba ya jan garma, kuma abokin jansa ba zai ja shi kaɗai ba. Dakta ta je da kanta ta yi wa Baffa bayani, ta ce ba alkawari take yi ba, gwaji ne. Ya yarda. Malam Isiyaku ya kashe wurin da allura ya yanko kitse daga gindin wutsiya, bai kai ɓarin goro ba. Na rungumo shi a kular ƙanƙara a bayan babur har Gaya.

Jatau ba yaro ba ne, ƙwayoyinsa ma haka. Na daddatsa kitsen, na narkar, na juya a inji, na shuka a kwalabe. Guda ɗaya ce kawai ta kama, ita ma da ƙyar, kamar gero a tsandauri. Na yi ta lallaɓa ta har ta cika.

Ranar da zan raba ta, da hantsi ne. In kwalba ta cika akwai maganin da ake zubawa ya ɓanɓare ƙwayoyin daga gindinta. In bai daɗe ba su ƙi tashi, in ya wuce lokaci ya cinye su. Na zuba ke nan, idona a kan kwalba, sai na ji an turo ƙofa. Maigadi ya zagaya, Malam Isiyaku ba ya nan.

"Salamu alaikum."

Na gane muryar Baffa Ilu ce. Na amsa a zuciya, hannuna yana cikin akwati.

"Salamu alaikum, masu gida."

Na gyaɗa kai da ƙarfi, na yi masa nuni da kafaɗa ya ja ƙofar. Daga baya na ji cewa a wurinsa kora ce na yi masa, irin yadda ake korar kaza daga shanya.

"Yarinya, kurma ce ke?"

Ban juya ba. Na kashe ƙarfin maganin, na raba, na rufe, na sa a inkubeta. Da na fito ba kowa. Sai ƙwaryar kindirmo a bakin ƙofa, an rufe ta da faifai. Tun daga Toranke ya ɗauko ta don ya gaida masu rainon naman sansa.

Washegari Malam Isiyaku ya dawo da saƙo. "Ya ce wadda ba ta iya amsa sallamar tsoho ba, ba za ta taɓa masa dabba ba. Ranar kasuwa zai kai Jatau wa mahauta."

Ku fahimci abin. A lokacin ba mu da tankin daskarewa da za mu adana ƙwayoyi a ciki. Ƙwayoyin nan duk rabawa ɗaya tsufa suke yi, in ba a zuba su a kan lokaci ba sun tashi aiki. Kuma na Jatau ne, ba a shirya su don wani sa ba. In ya shiga hannun mahauta, wahalata ta bi rariya, shi kuma ya zama tsire.

Dakta ta ce za ta je ta ba shi haƙuri. Na ce ai ba da ita ya yi fushi ba. Innata kuwa, da labarin ya riga ni isa Kademi, cewa ta yi in je in durƙusa. Na ce durƙuso zan yi har gwiwata ta yi kanta, amma ba zan ce na yi kuskure ba, don gobe ma in ya shigo haka zan yi.

Muka kama hanya da sassafe. Malam Isiyaku yana tuƙi yana yi mini wa'azi. "Sa'a, don girman Allah yau ki bar bakin nan naki a gida."

"Malam, ai rufe shi da na yi ne ya jawo wannan tafiyar."

Muka same shi a garke, a tsugune ƙarƙashin wata farar saniya, ƙwarya a tsakanin gwiwoyinsa, ɗan maraƙi a ɗaure a gefe. Jatau na can ƙarƙashin bishiya, ƙuda sun yanyame wuyansa. Na gyara murya na rangaɗa sallama irin wadda Inna za ta ji daɗi. Saniyar ta zabura ta ɗaga ƙafa. Baffa bai juyo ba. Ya wurgo hannu baya da ƙarfi, alamar mu yi shiru. Muka tsaya kamar itace. Ya yi ta shafa cikinta yana yi mata wata magana ƙasa-ƙasa da Fillanci har ta saki jiki, ya ci gaba da tatsa. Sai da ya gama, ya rufe ƙwaryar da faifai, ya miƙe, sannan ya amsa.

Na durƙusa na yi gaisuwar da ban taɓa yin mai tsawonta ba. Kwana, gajiya, iyali, dabbobi, zafi, jikoki, har maƙwabta. Na gode da kindirmo. Yana amsawa yana kallon wani wuri. Da na gama na ce, "Baffa, ɗazu na yi sallama ba ka amsa ba."

Malam Isiyaku ya ce, "Innalillahi," ya juya yana duba tayar babur.

Baffa ya dube ni a karon farko. "Haihuwar fari ce. In ta ji baƙuwar murya sai ta ɗauke nono, ko ta yi shuri ta kifar da ƙwarya. Wannan ko yaron goye ya sani."

"To ni ma ran nan tatsa nake yi. Ƙwaryata a buɗe take."

"Kwalba tana jin magana?"

"Ba ta ji. Me ya sa ka rufe nonon da faifai?"

"Ƙuda."

"Nawa ƙudan ido ba ya ganinsu. A numfashi suke, a baki. Ɗaya ya faɗa, shi ke nan, naman Jatau ya ruɓe."

Ya ɗaure fuska. "Wato bakina ne mai ƙuda."

"Nawa ya fi, Baffa. Na fi ka surutu."

Na ji matarsa ta tuntsire da dariya a bayan zana. Shi bai yi ba. Ya ce shi da ya leƙa ba abin da ya gani sai jan ruwa kamar zoɓo, da yarinya ta ba shi ƙeya. Na ce ya zo ya gani da idonsa, in bai ga komai ba mahauta ba gudu za su yi ba. Ya sunkuya ya ɗauki ƙwaryarsa. Ya ce mu gaida gida.

Ranar kasuwa na raba hankalina biyu, rabi a aiki rabi a titi. Can sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, Jatau a baya tare da tumakin mutane, direba bai ko kashe mota ba. Hanyar kasuwa suka nufa, Baffa ya ce a ɗan tsaya. Muka sa ya cire takalmi, ya wanke hannu har gwiwa, muka ɗora masa hula, muka yi fama da takunkumi saboda gemu. Direba yana ta danna oda a waje. Na ɗauko kwalba na ɗora a madubi mai ƙara girman abu na saita masa.

Ya sunkuya. Da farko ya rufe idon da ya kamata ya buɗe. Da ya samu wurin, sai ya ƙura ido. Ya ɗago ya yi mini nuni da bakinsa, ko zai iya magana.

"A rufe take, Baffa. Faɗi abin da kake so."

"Waɗannan duk na Jatau ne?"

"Nasa ne. Daga ɗan abin nan da aka yanka."

Ya koma ya daɗe. "Sun kwanta sun fuskanci gefe guda, kamar shanu a inuwa. Ga wani ya ware shi kaɗai, ya dunƙule."

"Rabuwa zai yi. Anjima ya zama biyu."

"Me suke ci?"

Na nuna masa jan ruwan.

"Wa ke ba su?"

"Ni."

"Kullum?"

"In sun cinye. Ko ran Sallah ne."

Ya miƙe, ya cire hular ya miƙo mini. "Ashe kiwo kike yi," ya ce. Ya fita ba takalmi, ya ce wa direba, "Sauke shi." Direban ya fara masifar ɓata masa lokaci, Baffa ya ce ya sauke masa sa ya tafi da masifarsa kasuwa, can ake sayenta.

Da yamma aka wanke gyambon aka zuba. Kada ku ce na ce muku an wayi gari ya warke. A hankali nama ya riƙa tasowa daga gefe, ja, mai kyau, Malam Isiyaku yana zuwa yana aunawa yana ɗaukar hoto. Huɗar farko ta wuce shi, sai aron sa Baffa ya yi a wurin surukinsa. Amma kafin damina ta yi nisa Jatau ya koma garma, da tsumma a naɗe jikin karkiya. Dakta ta ce sa ɗaya ba hujja ba ne, wanki da hutu ma suna warkar da ciwo, kuma akwai dabbobin da muka zuba wa bai yi musu komai ba. Shi ya sa har yanzu muke gwadawa muna kwatantawa. Baffa ya saurare ta har ta gama, ya ce Allah ne mai warkarwa, ya ɗauki sandarsa.

Yanzu muna da tankin daskarewa, muna da ƙofa biyu, ta cikin an fasa ta an sa gilashi. Ni ke koya wa sababbi, kuma da romo nake fara su, yadda aka yi mini. Aikin ya karɓe ni. Ina son safiyar da zan ɗora kwalba a madubi in ga sun cika ta fal, ruwan garau, ba auduga ba kunu. Wadda take so ta zo, amma ta sani wanke-wanke ne da jira da kame baki, kuma biki da yawa zai wuce ta.

Baffa Ilu yana biyowa mafi yawan ranakun kasuwa. Ya tsaya a bayan gilashi ya ɗaga hannu, ya koma benci ya zauna har in fito, sannan mu gaisa tun daga kwana har maƙwabta. Kwanan baya wasu manya suka zo daga jami'a duba wurin, ɗaya da babbar riga ya wuce gaba ya kama hannun ƙofar ciki yana sallama. Kwalba tana buɗe a hannuna. Ta gefen ido na ga sanda ta gitta a ƙofar.

"Dakata, Alhaji," in ji Baffa. "Tana tatsa."